Darasi na Bakwai: Yanko Haruffan Farko da LEFT

Wanda ya saba da karatun allo daga dama yake farawa. Boko kuwa ta hagu ake shigarsa, shi ya sa a manhajar Excel umarnin da ke yanko farkon rubutu ake kiransa LEFT, wato hagu. Aikinsa ɗaya ne: ka nuna masa akwati, wato gurbin da ake rubutu a ciki a shafin Excel, ka faɗa masa haruffa nawa kake so, ya gutsuro maka su daga farko.

Mu ɗauka kai ne magatakarda a wata tashar mota a Kwangila, an ba ka lambobin motoci ɗari uku, shugaba yana son sanin nawa ne aka yi wa rajista a Zariya. Haruffa ukun farko na lambar mota su ke nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajistar, ta Zariya ita ce ZAR. Idan lambar tana akwatin A2, shiga B2 ka rubuta:

=LEFT(A2,3)

Danna Enter, ZAR za ta fito. Alamar daidai (=) dole ce a gaba, in babu ita kwamfuta za ta ɗauka labari kake rubutawa. A2 shi ne akwatin, 3 kuma yawan haruffan. A wasu kwamfutocin ba waƙafi ake sawa a tsakani ba, wannan alamar (;) ake sawa, saboda haka in ta ƙi, gwada ɗayar. Sauran layukan ba sai ka sake rubutawa ba. Kama ɗan ɗigon da ke kusurwar akwatin B2 ta ƙasa, ka ja shi har ƙarshe.

To, ga inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe. A ajin yaƙi da jahilci an koya mana cewa sh baƙi ɗaya ne, ts ma haka. Kwamfuta ba ta san wannan zance ba. Sau nawa yatsanka ya taɓa maɓalli, shi take ƙirgawa. Rubuta Shika ka ce ta ba ka harafi 1, S kaɗai za ta miƙo maka. In kana son Sh, sai ka ce 2. Haka Tsibiri. Amma ƙ da ɗ da ɓ ɗaiɗai take lissafa su. Fili ma, wato tazarar da ake bari tsakanin kalmomi, wanda ido ba ya gani, a wurinta harafi ne. In mai bugawa ya bar fili kafin ZAR, abin da zai fito fili ne da ZA. Kada ka zargi injin, share filin kawai, ko ka rubuta =LEFT(TRIM(A2),3), TRIM zai kwashe shi.

Lambar waya tana da tata rigimar. Lambobinmu 11 ne, kuma da sifili suke farawa. Excel na ganin lamba sai ya jefar da sifilin gaba, don a lissafi ba shi da amfani. Ka nemi huɗun farko kana jiran 0803, sai ka ga 803 da wata lamba a manne. Maganinsa, kafin ka buga lambar, sa ɗan waƙafin sama ('), irin na kalmar 'ya'ya, sifilin zai zauna daram. Ko da yake, tun 2013 da aka ba mutane damar sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba, 0803 ba lallai MTN ba ce, kada ka rantse a kanta.

Abin da LEFT ya yanko rubutu ne, ko da kuwa lamba kake gani. In za ka tara shi, rubuta =VALUE(LEFT(A2,2)) tukuna.

Aikin gida: jera sunayen unguwanni shida, ka sa Samaru da Tudun Wada da Gyallesu a ciki. Rubuta a takarda abin da kake zaton huɗun farko za su kasance, sannan ka gwada. Na Tudun Wada kuma nemi shida, ka duba da kyau.