Darasi: Yadda Ake Gano Makwancin Barewa a Babbar Fadama

Barewa mai farar wutsiya, wadda ake farauta a Amurka da Kanada, ba ta cika yawo da rana tsaka ba. Da asuba take kiwo, da almuru, da kuma cikin dare. Gari na wayewa sosai sai ta nemi wuri ta kwanta tana tuƙa. Dokar farauta a can kuwa ta hana harbin barewa da dare. A yawancin jihohi ana farawa ne kamar rabin awa kafin fitowar rana, a tsaya jim kaɗan bayan faɗuwarta. Ke nan maharbin da bai san inda dabbar take wuni ba, sawu kawai zai yi ta gani.

Idan lokacin farauta ya kama, daji ya cika da warin mutane da ƙarar bindiga, manyan mazan barewa sukan tsere cikin fadama, domin mafarauta kaɗan ne ke jure taɓo.

Abin da barewa ke nema

Babbar fadama tana ruɗa baƙo. Kacalla ta fi mutum tsayi, ruwa ko'ina, gabas da yamma duk iri ɗaya. Kada girmanta ya karya maka gwiwa. Barewa ta iya iyo, tana ratsa ruwa ba gargada, amma ba ta kwanciya a cikinsa. Busasshen wuri take so, ko da bai wuce tsawon jikinta ba. Da ka riƙe wannan, ka rage wa kanka mafi yawan fadamar, saura 'yan tuddai.

Nemi tsibiri mai itatuwa. Nemi harshen tudu da ya kutsa cikin kacalla, musamman can ƙarshensa inda ƙasa ke shirin nutsewa. Itace guda ɗaya tilo a tsakiyar kacalla ma abin dubawa ne, saboda saiwoyinsa sukan tara ƙasa su ɗaga ta sama da ruwa. Haka kuma gindin itacen da iska ta tumɓuke. Sai iyakar da tsiro iri biyu suka haɗu, kamar inda kacalla ta ƙare sarƙaƙiya ta soma.

Babban tsibiri yana jan ido, shi ya sa kowane mafarauci can yake nufa. Matan barewa da 'ya'yansu sukan kwanta a kansa. Tsohon namiji kuwa sau da yawa yana gefe, a wani ɗan tudun da ba wanda zai kalla sau biyu, yana jin duk mai zuwa tsibirin.

Ruwan nan da ya kewaye shi, shi ne mai gadinsa. Mutum ko kyarkeci ba ya ratsa shi ba tare da ƙara ba. Sannan namijin yakan juya wa iska baya: hanci ya kula da abin da ke bayansa, ido ya kula da gaba. Idan iska ta sauya, shi ma sai ya sauya makwanci. Don haka namiji ɗaya na iya samun makwantai da dama a kewayen tudu guda.

Taswira tukuna, sannan ƙafa

Kafin ka jiƙa ƙafarka, buɗe hoton tauraron ɗan'adam a waya ko kwamfuta, irin na Google Earth. Hoton da aka ɗauka bayan ganye ya zube ya fi amfani. Tsibirai za su fito da duhu a cikin hasken busasshiyar kacalla. Idan ka matso da hoton, wani lokaci har turbobin barewa za ka gani, sirara, sun nufi wuri guda. Yi alama a wuraren.

Amma gani ya kori ji. Hoto ba zai gaya maka ko tudun ya bushe ko ruwa ya shanye shi ba. Sai ka je. Lokacin zuwa shi ne bayan an rufe farauta, daga ƙarshen hunturu zuwa kafin sabon tsiro ya rufe ƙasa. A lokacin alamun bara suna nan a fili, kuma ko ka tayar da dabbar, tana da watanni ta manta da kai. A jihohin arewa irin su Wiskonsin da Mishigan fadama takan daskare, tafiya ta yi sauƙi. Sai dai ƙanƙarar da ke kusa da tsiro ko ruwa mai gudu ba ta da ƙwari, a yi hattara.

Karanta makwanci

Makwanci ɗan lotsawa ne a ciyawa ko ganye, mai siffar ƙwayar wake. Na babban namiji yakan wuce mita 1 a tsawo. Na mace bai kai haka ba. Idan ka ga uku ko huɗu kusa da juna, manya da ƙanana, kowanne ya fuskanci wani gefe, uwa ce da 'ya'yanta. Guda ɗaya babba, shi kaɗai, da kututture ko sarƙaƙiya a bayansa, wannan na namiji ne.

Durƙusa ka duba da kyau. Farin gashin ciki yakan maƙale a ganye. Idan ciyawar ta mutu har ƙasa ta fito ta yi sumul, an daɗe ana kwanciya a nan, ba hutun rana ɗaya ba ne. Barewa takan miƙe lokaci-lokaci ta yi kashi a gefen makwancinta, saboda haka ka lura ko akwai tsohon kashi da sabo a haɗe. Dubi ƙananan itatuwan da ke kusa. Namiji yana goga ƙahonsa a jikinsu da kaka har ɓawo ya saluɓe. Da hunturu kuma ƙahon yakan faɗi, wani ya tsiro daga baya, don haka kana iya tsintarsa a wurin.

Yanzu zauna a cikin makwancin, ka sauke kanka daidai tsayin kan dabbar. Me kake hangowa daga nan? Ina ne ba ka gani? Wace turba ce ta fita zuwa wurin kiwo? Wannan zaman na 'yan mintoci ya fi yawon wuni guda. Rubuta abin da ka gani, da iskar da ta dace da makwancin.

Ranar farauta

Ba a kan makwanci ake dako ba. A gefen turbar fita ake yi, inda ido da kunnen dabbar ba su kai ba, kuma iska na ɗauke warinka zuwa wani gefe. Shiga da rana tsaka, a hankali, ka ja ƙafa cikin ruwa maimakon ka riƙa ɗaga ta. Idan iskar ranar ba ta dace ba, haƙura ka zauna a gida. Tsohon namiji in ya shinshino mutum kusa da makwancinsa, yakan ƙaura ko ya daina fita sai da duhu.

Riƙe lasisinka, ka san ranakun da doka ta buɗe farauta. Sa dogon takalmin roba, ka ɗauki sanda ta gwada zurfin taɓo, da kamfas, don cikin kacalla ba a ganin hanya, waya kuma cajinta na ƙarewa. Gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka.

Aikin yi

1. Me ya sa barewa ke juya wa iska baya idan ta kwanta?
2. Ta yaya za ka bambanta makwancin namiji da na mace?
3. Zana fadama mai tsibiri ɗaya da harshen tudu ɗaya. Iska na busowa daga yamma. Nuna inda namiji zai kwanta, da inda kai za ka yi dako.