Yadda Ake Ƙawata Gida Don Sallar Bazara Da Kayan Da Ke Hannu

A 'yan shekarun nan Sallah tana riskar mu ne a tsakiyar zafi. Ƙaramar Sallah ta 2023 ta faɗo ranar 21 ga Afrilu, ta 2024 ranar 10 ga Afrilu, ta 2025 kuwa ranar 30 ga Maris, kuma da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, ita ma Babbar Sallah ta kama hanyar shigowa bazara. Wannan lissafi yana da amfani ga duk wanda yake son ƙawata gidansa, domin adon da zai yi mako guda a falon birni ba lalle ne ya kai la'asar a tsakar gidan ƙauye ba, inda zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, guguwa take tashi ba sallama, awaki kuma suke yawo a sake tun da aka kwashe amfanin gona. Balan-balan da ake sayo wa yara sau da yawa kafin a sauko daga idi rana ta fasa su. Saboda haka duk abin da za a rataya, a fara auna shi da rana da iska da bakin dabba, kuma abin farin ciki shi ne kayan da suka fi jure waɗannan su ne waɗanda suke zube a gidajenmu ba a sayo su ba.

Tarin kaya ya kamata a fara shi tun kwana goma kafin Sallah, lokacin da teloli suke kwana a kan keke. A je wurin telan unguwa da buhu a roƙi ƙyallayen da suke zuba a ƙarƙashin teburinsa, na atamfa da shadda da yadi, domin yawancinsu sharewa ake yi a ƙona. A zaɓo karan dawa da na gero masu santsi waɗanda gara ba ta taɓa ba, a tattaro sakaina da tsofaffin ƙorai, da kwalayen sabulu ko na taliya daga mai tireda. Abin da za a cire kuɗi a saya kaɗan ne: zare mai ƙwari, allura da basilla, sabuwar reza, ƙaro, sai takarda mai launi idan da hali. Duk ana samunsu wurin 'yan koli a ranar kasuwa, ko Juma'ar Wudil ce ko Alhamis ɗin Maigatari ko ƙaramar kasuwar da ta fi kusa.

Kafin a rataya komai, a gyara bango da ƙasa, domin ado a kan bango mai zaizaya ɓata ƙoƙari ne. A toshe ramuka da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bari ta bushe, sannan a shafe fuskar ɗaki da bakin zaure da farar ƙasa. A zuba ruwan ƙaro kaɗan a cikin kwaɓin, saboda shi ne yake riƙe ta kada ta koma jikin sababbin kayan baƙi idan sun jingina. Wanda yake da hannun zane yana iya kewaye ƙofa da layin jar ƙasa mai faɗin yatsa uku, ko ya fitar da dagi a samanta. Inda daɓe ne a ƙasa, a yayyafa masa ruwan makuba kamar yadda iyayenmu suke yi, zai yi duhu mai sheƙi, ya kuma rage tashin ƙura.

Abin liƙi iri biyu ne, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Ƙaro, wanda Jigawa ta yi suna wajen samar da shi, ana daka shi sama-sama a jiƙa cikin ruwan ɗumi ya kwana, ruwan ya ninka ƙaron sau biyu, da safe a tace da tsumma. Shi ya fi dacewa da takarda, domin yana bushewa da wuri ba ya barin tabo. Na biyu shi ne kunun garin rogo: cokali biyu a kofin ruwa ɗaya, a dama da ruwan sanyi tukuna, sannan a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri ya washe. Wannan shi yake kama ƙyalle a jikin kwali. A dama daidai na aikin yini ɗaya, domin a wannan zafi ba ya kwana biyu bai yi tsami ba, kuma a sani cewa ɓera da kyankyaso suna son sa, don haka abin da aka liƙa da shi a rataye shi da zarar ya bushe.

A ganina babu adon da ya kai tutocin ƙyalle biyan wahala, kuma da su nake ba kowa shawara ya fara. A yanka kwali ɗaya mai kusurwa uku, faɗinsa a sama taƙi ɗaya, tsawonsa ya ɗan ɗara haka, ya zama ma'auni. A ɗora shi a kan kowane ƙyalle a zagaye da gawayi ko alli, a yanke da almakashi. Ƙyallen da bai kai girman ma'aunin ba kada a yar da shi, a tsaga shi siriri kamar faɗin yatsa biyu a ajiye gefe. Daga nan a auna igiya daga inda za a ɗaura zuwa inda za ta ƙare, a ƙara kamu biyu saboda ƙulli da ɗan lanƙwasar da take sa ta yi kyau, sannan a naɗe saman kowace tuta a kan igiyar a ɗinke da allura. Ɗinki ya fi liƙi a nan nesa ba kusa ba, domin iskar da take zuwa gaban hadarin farko tana ɓalle duk abin da aka liƙa. Tsakanin tuta da tuta a bar faɗin tafin hannu, a ƙulla siraran ƙyallayen nan biyu ko uku a wurin su riƙa lilo.

Wurin jera launi ne ake gane mai ido. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera atamfa kusa da atamfa, sai zanen wannan ya cinye na waccan, daga nesa a ga abu a cakuɗe. A riƙa raba su da yadi marar zane, fari ko shuɗi ko ruwan ƙwai, wato atamfa ɗaya, yadi ɗaya, ko atamfa biyu masu kama da juna sannan fari. Shadda tana da nauyi da ƙarfi, don haka ta fi zama a bakin zaure inda iska take kaɗawa, yadi mai laushi kuwa a bar shi ga rumfa da cikin ɗaki. Na sha ganin yadda mata suke tsayawa a ƙarƙashin irin wannan igiya suna nuna ƙyallen ankon bikin wance da na zanen sunan wane, kuma wannan wani daɗi ne da kayan kanti ba su da shi.

Idan farin ƙyalle ko farar takarda ta yi yawa, ana iya rina su da abin da ke madafi. Ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja mai duhu, kurkur yana ba da rawaya mai haske, bular wanki tana ba da shuɗi, karan dafi kuwa, wanda dukawa suke rina fata da shi, idan aka jiƙa shi da kanwa yana ba da ja mai ƙarfi. Kanwa tana juya launi: ɗigo kaɗan a ruwan zoɓo yana karkata shi zuwa kore-kore, a ruwan kurkur kuma yana mayar da shi ja-ja, don haka daga tukunya biyu ana iya samun launi huɗu. Sai dai a faɗi gaskiya, zoɓo da kurkur ba sa jure rana, cikin 'yan kwanaki suke koɗewa. Abin da aka rina da su a ajiye shi a inuwa, na waje kuma a yi masa galura ko a bar wa atamfa. A shanya rinin a cikin rumfa, takarda kuma a danne ta da faifai kada ta nannaɗe.

Kara shi ne abin da yaranmu suka riga mu sani, tun da da shi suke ƙera motoci. Don yin tauraro, a yanka sillen kara biyar masu tsawo ɗaya, kowanne taƙi guda, a ɗan yi musu tsaga kusa da baki inda zare zai zauna. A ɗaure su baki da baki su zama kamar sarƙa, sannan a lanƙwasa su yadda ake zana tauraro mai tsini biyar ba tare da ɗaga alƙalami ba, a haɗa bakin ƙarshe da na farko, a kuma ɗaure wurare biyar ɗin da suka gitta juna. Ana iya barinsa da launinsa na kara, wanda yake fitowa sosai a kan jar ƙasa, ko a nannaɗe shi da siririn ƙyalle. Jinjirin wata kuwa da kwali ake yinsa: a kifa kwano a zagaye, a matsar da shi kaɗan a sake zagayewa, a yanke, a lulluɓe da shadda da kunun rogo.

Labulen kara ya fi cin lokaci, amma shi ne abin da baƙi za su fi tambaya. A yayyanka karan gero gunduwa-gunduwa kamar tsawon ɗan yatsa, ana kauce wa gaɓoɓi saboda basilla ba ta ratsa su da sauƙi. A zura basilla ta tsakiyar kowace gunduwa inda yake da taushi, a jera su a zare, bayan kowace uku a ƙulla ɗan ƙyalle mai launi. Zare ashirin zuwa ashirin da biyar sun isa ƙofar ɗaki, a ɗaure su a jikin sanda ɗaya a kafa a saman ƙofa, ƙasansu ya tsaya taƙi guda kafin daɓe. Yana barin iska ta shiga, abin da labulen yadi ba ya yi a daren bazara. Yanka da reza aikin babba ne, kuma ɓawon kara da kansa yana tsaga yatsa kamar wuƙa, don haka yara a ba su zurawa da ƙulli kawai.

Tsohuwar ƙwarya da ta tsage ba ta gama aiki ba. A wanke ta, a goge bayanta da yashi mai laushi, a ɗiga zane da gawayi, layi-layi ko zobe-zobe. A sa ƙusa a garwashi, a riƙe ta da filaya, a bi ɗigon ana hudawa, a bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin huda da huda kada ta dare. Idan an gama a shafe ta da man gyaɗa kaɗan, a kife ta a kan ƙaramar fitilar caji, da dare hasken zai watsu a bango ɗigo-ɗigo. Ina jaddada fitilar caji ko tocila, kada a kuskura a sa kyandir ko aci-bal-bal a ƙarƙashinta. A wannan lokaci danga da jinka da tarin kara duk sun bushe ƙayau, kuma gobarar bazara idan ta tashi a gida ɗaya ba ta tsayawa a nan. Sakaina kuma a fere gefenta ta zama zagaye, a huda, a jera uku ko huɗu a zare ɗaya a rataya a bakin rumfa, suna ɗan ƙara mai daɗi idan iska ta taɓa su.

Wanda yake son rubutu, «Barka da Sallah» a kan kwalin da aka lulluɓe da farin yadi ya wadatar, da boko ko da ajami. Ban ga dacewar rubuta aya ko sunan Allah a kan adon da iska za ta iya yarwa a taka ba. Haka nan idan za a yi amfani da tsofaffin littattafan makaranta, a duba kowane shafi kafin a sa almakashi, a ware duk wanda yake ɗauke da karatun addini.

Ratayewa a bar ta sai yammacin jajibere bayan an yi shara an yayyafa ruwa, domin abin da aka rataya tun da wuri ƙura za ta dusashe shi kafin ranar. Tsayin igiya ya wuce inda hannun babban mutum yake kaiwa, saboda akuya tana miƙewa da ƙafa biyu, kuma kwalin da ya sha kunun rogo abinci ne a wurinta. A ɗaure a jikin azara ko reshen darbejiya ko ƙusa mai ƙwari, kada a jingina nauyin a kan danga, kuma a nisanci wayar lantarki ko ta sola. A Babbar Sallah a lura da inda za a yi suya da ƙyafe, a kawar da tutoci daga wannan kusurwa gaba ɗaya, saboda tartsatsi da kuma hayaƙin mai da yake baƙanta ƙyalle. Idan aka ga gabas ta haɗa hadari, kayan kwali da takarda su ne na farkon shigarwa ɗaki.

Bayan kwana uku ko huɗu, idan yawon Sallah ya lafa, a sauke tutocin a kaɗe, a wanke waɗanda suka yi datti, a naɗe igiyar a jikin guntun kara don kada ta harɗe. A sa su a buhu tare da busasshen ganyen darbejiya, a rataye buhun a azara nesa da ƙasa inda gara ba za ta kai ba. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba wata biyu ne da kwana kusan goma, kuma abin da za a buƙata a lokacin bai wuce sabon zare da ɗan ruwan ƙaro na gyaran abin da ya ɓalle ba.