Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da tsofaffin takardun da jami'o'i ke ɗorawa a intanet

Na gaji da gyara abu ɗaya. Duk shekara sai ɗalibi ya kawo mini babin kundinsa, ga hoton wata tsohuwar wasiƙa a tsakiyar shafi, a ƙarƙashinsa an rubuta "daga intanet". In na tambaye shi wa ya ba shi izini, sai ya ce ai jami'ar ce da kanta ta ɗora, kowa na iya buɗewa. To, kowa na iya buɗewa, amma gani ba ci ba ne. An ɗora ne domin ka karanta. Maganar ka ɗauka ka sake bugawa wata magana ce daban.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar cewa mai riƙe da takarda shi ne mai haƙƙin mallakarta. Wannan ni kaina ya taɓa cina, shi ya sa zan daɗe a kansa. Lokacin da nake haɗa littafina na farko, na ci karo da wasu wasiƙu a ma'adanar tarihi ta wata jami'a. Na gina babi guda a kansu. Na rubuta wa ma'adanar, na cike fam, na biya kuɗin hotuna, suka aiko mini da takarda mai hatimi. Na ajiye ta ina ganin na gama. Sai da aiki ya isa hannun kamfanin ɗab'i, editan ya kira ni ya ce, "Malam, ina izinin magada?" Na koma na buɗe takardar nan, sai ga layi ɗaya a can ƙasa da ƙananan haruffa: izininsu ya tsaya ne a kan kwafin da ke hannunsu, neman mai haƙƙin mallaka kuwa nauyina ne.

Wata bakwai na yi ina bin sawun 'ya'yan marubucin. Babban ya amince. Ƙanwarsa ta ƙi, saboda wasiƙun sun taɓo wani lamari na mahaifiyarsu da ba ta so ya fita, kuma tana da gaskiyarta. Dole na cire wasiƙun, na warware babin na sake ɗinka shi da kalmomina, littafi ya yi jinkirin kusan shekara. Har yanzu in na buɗe babin nan ina ganin gurbin abin da na cire.

Ku riƙe wannan da kyau. Wasiƙa guda tana iya samun masu iko uku. Takardar kanta ta ma'adana ce, ko ta wanda ya ba su ajiya. Kalmomin da ke cikinta na wanda ya rubuta ne, bayan rasuwarsa su koma ga magadansa, ba ga wanda aka aika wa ba. Hoton da aka ɗauka aka ɗora kuma yana tafe da sharuɗɗan ma'adanar. Ni yanzu ba na rubuta ko layi ɗaya a kan takarda sai na amsa tambaya uku a littafin aljihuna: wa ya rubuta, yaushe ya rasu, an taɓa buga ta ko ba a taɓa ba. Wasu abokan aikina suna bari sai rubutu ya kammala sannan su nemi izini. Ni ban yarda da haka ba, tun ranar farko nake aika wasiƙa.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne "ai tsohuwa ce, ta zama ta kowa". Tsufan takarda ba shi ne ma'auni ba. Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, wadda aka fara ƙullawa a 1886, ta tanadi kariya ta tsawon rayuwar marubuci da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya sun kai shi 70, Meziko ta kai shi 100. Abin da ba a taɓa bugawa ba kuma, wanda shi ne mafi yawan kayan ma'adana, ya fi rikitarwa. A Birtaniya, rubutun da marubucinsa ya rasu kafin 1969 kuma ba a buga shi ba kafin dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta fara aiki, yana ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2039, ko da ya shekara ɗari uku a akwati. A Amurka, rubutun da ba a buga ba kuma ba a san mai shi ba yana da shekara 120 daga lokacin da aka yi shi. Saboda haka ka duba dokar ƙasar da za ka buga aikinka, kada ka tsaya a ƙasar da takardar take.

Ko takarda ta fita daga kariya, a karanta sharuɗɗan shafin. Wata kotu a New York ta yanke a 1999, a shari'ar Bridgeman da Corel, cewa hoton da ya kwafi tsohon zane sak ba ya haifar da sabon haƙƙi. Amma in ka sa hannu a fam ko ka latsa "na amince", alkawari ka ɗauka, kuma alkawari kaya ne.

Kuskure na biyun da ya jawo mini asara shi ne ambaton madogara da adireshin intanet kaɗai. Na taɓa tara hotunan takardu masu yawa, kowanne na kwafo dogon adireshin da ke saman shafi na liƙa. Bayan shekara biyu jami'ar ta sauya manhajar ma'adanarta, adireshin nan duka suka mutu. Hotunan suna cikin kwamfutata da sunaye na lambobi marasa ma'ana, ban san daga wane akwati kowanne ya fito ba. Makonni na yi ina bin tarin shafi bayan shafi, akwai guda biyu da ban sake gano su ba har yau, kuma hujjar da na kafa da su ta tafi tare da su.

Wannan sakaci ne, ku daina! Mai karanta aikinka yana da haƙƙin ya tashi ya je ya ɗora hannunsa a kan takardar da ka gani. Ni ga yadda nake jerawa: sunan marubuci, irin takardar da wanda aka aika wa, kwanan wata, sunan tarin, lambar akwati da ta fayil, sunan ma'adana da jami'a, sannan adireshin dindindin, sannan ranar da na duba. Adireshin dindindin shi ne mai ɗauke da lambar shaida da ba ta sauyawa, irin su DOI ko Handle ko ARK, yawanci yana cikin bayanan takardar, ba a saman shafi ba. Ma'adanai da dama sukan rubuta yadda suke so a ambace su, in ka gani ka bi nasu harafi da harafi. Kuma da zarar na sauke hoto, kafin in buɗe na gaba, sai na sauya masa suna zuwa lambar akwati da fayil.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Ambaton madogara ba izini ba ne: yana kare ka daga zargin satar fasaha, ba ya kare ka daga keta haƙƙi. Cewa "don ilimi nake yi" yana iya rufa maka ɗan gajeren ɗauko da ka yi sharhi a kansa, ba ya rufa takarda sukutum, kuma faɗin wannan sassauci ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kundin digiri ma yanzu jami'o'i kan ɗora shi a intanet, ya daina zama abin da malamai uku kawai za su gani. Izinin da aka ba ka na kundi bai shafi littafi ko maƙalar mujalla ba, sai ka sake nema. Haƙƙin hoto yawanci na wanda ya ɗauka ne ko wanda ya ɗauke shi aiki, ba na wanda ke cikin hoton ba. In ka ga alamar Creative Commons, wato lasisin da mai aiki kan bai wa kowa bisa wasu sharuɗɗa, ka karanta haruffan: BY a ambaci mai shi, NC ban da kasuwanci, ND ban da sauyawa.

Hirarrakin da aka naɗa kuwa a yi musu taka-tsantsan na musamman. Akwai takardar amincewa da mai maganar ya sa wa hannu, wani ya ce a sakaya sunansa, wani ya ce kada a saki muryarsa sai bayan ransa. Mutanen da ya ambata suna iya kasancewa da rai. Ka tambayi ma'aikacin ma'adanar abin da takardar ta ƙunsa, matambayi ba ya ɓata.

In ka nemi mai haƙƙi ka rasa, ko ka rubuta aka yi shiru, kada ka ɗauki shirun a matsayin amincewa. Birtaniya ta buɗe tsarin lasisi na irin waɗannan marayun ayyuka a 2014, amma sai ka nuna ka yi bincike na haƙiƙa, kuma lasisin bai ƙetare iyakarta ba. Shi ya sa nake ajiye kowane imel da kowace amsa a jaka ɗaya.

Wasiƙar neman izini kuma a daina rubuta ta a dunƙule. Ka faɗi lambar takardar, wane sashe kake so, a ina zai fito, da wane harshe, kwafi nawa, a takarda ne ko har da intanet, sannan ka tambayi kalmomin godiyar da suke so ka sa a ƙarƙashin hoton. Amsar baka ba ta wadatar ba. Ko mai haƙƙin ya ce maka "ba komai" a waya, ka roƙe shi ya rubuto.