Yadda za ka bi sabunta igamarka a Saudiyya kafin ta mutu a hannunka

Tunda na dawo gida Kaduna na buɗe ɗan shagona na kayan wuta a Tudun Wada, da wuya sati ya zagayo ba a zo min da maganar igama ba, wato katin izinin zama da ake ba baƙi a Saudiyya. Wani ƙaninsa ne a Riyad, wata 'yarta ce take shagala, wato aikin gida, a Jidda, wani kuma shi da kansa ne ya zo hutu yana lissafin komawa. Ranan wata dattijuwa ta taho tun daga Rigasa ta miƙo min waya ta ce ɗan nan saurari wannan, na kunna sai muryar 'yarta tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kar a ji ta, wai wata huɗu kenan igamarta ta mutu kuma duk sanda ta yi wa uwar ɗakinta magana sai ta ce mata bukra inshallah, wato sai gobe in Allah ya so. Na ce Mama ki zauna, na kawo mata ruwa, muka bi abin daki-daki. Abin da na faɗa mata shi zan rubuta a nan, har da wanda ya shafi masu aikin kamfani, saboda na yi shekaru ina aikin wayarin a can kuma abin ya taɓa cin ni.

Farko dai ka san wannan, ba kai ne kake sabunta igamarka ba, kafilinka ne, wato wanda ya ɗauke ka aiki kuma takardunka suke ƙarƙashin sunansa. Idan kamfani kake wa aiki su za su shiga shafin gwamnati na Muqeem ko Absher na 'yan kasuwa su danna, idan aikin gida ne, direba ko shagala, mai gidan ne zai yi ta Absher ɗinsa. Amma fa in ta mutu kai ne askar, wato ɗan sanda, zai tare a hanya, kai ne banki zai rufe wa asusu, kafili yana gidansa yana shan shayi. Shi ya sa nake cewa aikinka shi ne ka share duk wani abu da zai hana ta wucewa ta ɓangarenka, sannan ka dame su da tuni tun da sauran lokaci, ba sai ana saura kwana biyar ba.

Ka fara da sanin ranar mutuwarta. Mutane da yawa katin da ke aljihunsu suke kallo, alhali katin ba kowace shekara ake canza shi ba, sabuntawar a cikin kwamfutar Jawazat take, wato hukumar fasfo da shige da fice. Ka buɗe Absher da lambar wayar da aka yi rajista da sunanka, ba ta aboki ba, ba ta ejan ba, ka duba ranar da idonka. In ka ga kwanan watan da Hijiriyya yake ka juya shi zuwa na Bature ka rubuta a bangon ɗaki in ta kama, don shekarar Hijiriyya tana gaza ta Bature da kusan kwana 11 kuma wannan 'yar tazarar ta isa ta jefa mutum cikin tara. Ni shawarata wata uku kafin ranar ka fara motsi.

Sai fasfo, kuma nan ne zan daɗe don nan ne mu 'yan Najeriya muka fi faɗawa rami. Ba za a sabunta maka igama da mataccen fasfo ba, kuma sabunta fasfo ba abu ne na kwana biyu ba. A Saudiyya wuri biyu za ka je, ofishin jakadancinmu na Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, to ka duba wanda yake aiki a Tabuka ko Jizan ko Dammam, sai ya nemi izini a wurin aiki, ya biya mota, ya nemi wurin kwana, ya je a ɗauki hoto da yatsu, ya koma ya jira. Yanzu kuma ba a yin fasfo sai da lambar NIN, kuma dole abin da ke NIN ya zo ɗaya da abin da ke fasfo, suna da ranar haihuwa duka. Mu kuwa kun san halinmu, a wata takarda Muhammad a wata Mohammed a wata Mamman, wani sunan garinsu ya sa a matsayin sunan ƙarshe a nan, can kuma sunan kaka. Gyaran wannan kaɗai yana iya cin makonni. Don haka duk wanda ya zo hutu Kaduna ya ga fasfonsa saura shekara ɗaya ko ƙasa da haka, don Allah kar ya ce sai na koma, ya fara zuwa ofishin NIMC ya tabbatar bayanansa daidai suke, sannan ya nufi ofishin fasfo tun satin farko na hutun, ba satin ƙarshe ba lokacin da ake ta sallama da 'yan uwa. In da hali ka yi mai shafi 64 na shekara 10 maimakon mai shafi 32 na shekara 5, kuɗinsa ya fi yawa amma ka huta da wannan zirga-zirgar na tsawon lokaci. Kuma idan sabon fasfo ya fito ba shikenan ba, sai an ɗora bayanansa a kan igamarka a wurin Jawazat, Larabawa suna ce masa naƙalul ma'alumat, kafili ne yake yi. Ka riƙe tsohon fasfon kar ka yar, musamman in bizar komawarka a kansa aka fitar.

Wani abu a kan fasfo, doka ba ta ba kafili damar riƙe maka shi ba. Na san da yawa suna riƙewa, kuma na san ba kowa ne yake da bakin da zai ce a ba shi ba, musamman matan da ke cikin gidaje. Ko da haka ne ki ɗauki hoton shafin farko da wayarki ki turo gida a ajiye, aƙalla a san ranar da zai ƙare.

Bayan fasfo sai tarar hanya. In kana tuƙi ka duba Absher ko kyamarar Saher ta ɗauke ka, don tarar da ba a biya ba tana tsayar da sabuntawa, kuma wani bai ma san an rubuta masa ba sai ranar. Ana biya ta banki ta hanyar SADAD. Sai inshorar lafiya, ta'amin, dole ta kasance da rai kuma ta bayyana a tsarin, wannan kamfani ne yake yi maka amma ka tambaya, kar ka ɗauka an yi. Masu aikin ƙwarewa kuma akwai rajistar ƙungiyar sana'arsu, injiniya sai rajistarsa ta hukumar injiniyoyin Saudiyya tana aiki, likita da nas sai lasisin hukumar ma'aikatan lafiya, in wannan ya mutu igama ba za ta wuce ba ko kamfani ya zuba kuɗin.

To kuɗi. Na ma'aikacin kamfani riyal 650 ne a shekara na igamar kanta, na mai aikin gida 600. Amma babban nauyin shi ne kuɗin maktab amal, wato lasisin aiki, wanda yake riyal 800 a wata a kan kowane baƙon da ya haura adadin 'yan ƙasa a kamfanin, 700 a kan wanda bai haura ba, kaga a shekara ana maganar 9,600 ko 8,400 kenan. Wannan kuɗin shi ne dalilin da ya sa ƙananan kamfanoni suke jan ƙafa, ba mantuwa ba ce. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne sashe na 40 na dokar ƙwadagon Saudiyya ya ɗora kuɗin igama da lasisin aiki da sabunta su a kan mai ɗaukar aiki, har tarar jinkiri in shi ya jawo. Ba a albashinka za a cire ba. Kuma tun 2021 an ba kamfanoni damar su sabunta na wata 3 ko 6 ko 9 maimakon shekara guda, don haka in mudir, wato manaja, ya ce maka babu kuɗin shekara, cikin ladabi ka ce masa to a yi na wata uku mana kafin kuɗi su shigo. Ka kuma lura, in an ce maka an sabunta ka shiga ka ga na wata nawa aka yi.

Wanda ya kai iyalinsa can shi kuma yana da nasa nauyin daban, kuɗin murafiƙin, wato na iyalin da ke zaune a ƙarƙashinsa. An fara shi a Yulin 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum ɗaya, ana ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Mata ɗaya da yara uku riyal 1,600 kenan duk wata, kuma wannan daga aljihunka yake fita sai dai in kwantiraginka ya ce kamfani zai ɗauka. In ba a biya ba taka igamar ma ba za ta sabuntu ba. Wannan kuɗin ne ya dawo da iyalai da yawa gida, ni na san gidaje a Unguwar Sanusi da Badarawa da yaransu Larabci ne a bakinsu, uban yana can su suna nan. In kana da iyali a can ka riƙa ware kuɗin wata-wata, kar ka bari ya taru ya zo maka a dunƙule.

Yanzu in ta riga ta mutu fa. Bayan kwana uku tara take hawa, riyal 500 karon farko, 1,000 karo na biyu, na uku kuma maganar tarhil ake yi, wato a koro mutum gida. Amma tarar ba ita ce ta fi ciwo ba. Ni shekarar da abin ya same ni, kamfanin da nake wa aiki sun yi ta ce min an kusa an kusa, ranar wata Alhamis bayan la'asar na je na'urar cire kuɗi zan turo na makarantar yara, na sa kati ta dawo min da shi, na sake sawa ta sake dawowa, mutumin da ke bayana wani ɗan Sudan ya leƙo ya ce ya akhi igamarka ce. Albashina yana ciki ina ganinsa amma ba halin taɓawa, uwargida tana ta kira daga nan Kaduna an ce za a koro yara ranar Litinin. Sati biyar na yi ina fita aiki gabana yana faɗuwa duk sanda na hango motar askar, sallar Juma'a ma masallacin da ke lungunmu nake tsayawa. Daga baya na gano kamfanin ya faɗa ja ne a tsarin Nitaqat, wato bai cika adadin 'yan ƙasa da aka ce ya ɗauka ba, kuma kamfanin da yake ja ba ya iya sabunta lasisin aikin baƙinsa ko yana da kuɗin. Da na san in duba launin kamfanin tun da wuri da na fara neman mafita wata biyu kafin nan.

Mafitar kuwa akwai ta. Tun gyaran dokar da ya fara aiki ranar 14 ga Maris 2021, ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani kamfanin ba tare da yardar kafilinsa ba a wasu halaye, ciki har da idan igamarsa ko lasisin aikinsa ya mutu ba a sabunta ba, ko an yi wata uku a jere ba a biya shi albashi ba. Ta manhajar Qiwa ake yi, sabon kamfanin zai turo maka tayi kai kuma ka amsa. Don haka ka tabbatar kana da asusun Qiwa kuma kwantiraginka yana ciki. In rigima ce ta kuɗi ko an ƙi sauraronka, ka kira ma'aikatar ƙwadago a 19911 ko ka shigar da ƙorafi, za a fara da zaman sulhu, in bai yiwu ba a tura kotun ma'aikata. Ka riƙa yi wa kamfani tuni a rubuce, ko saƙon WhatsApp ne, ka ajiye, don ranar zaman sulhu shi za ka nuna.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya gudu. Ran da ka bar wurin aiki ba bisa ƙa'ida ba kafili zai kai rahoton ba ka zuwa aiki, abin da muka fi sani da hurub, daga nan kai da kake da gaskiya ka koma mai laifi. Haka masu biyan wani Balarabe kuɗi duk shekara ya riƙe musu igama su kuma suna buga-bugarsu a gari, abin da ake kira biza hurra, a doka babu wannan, yi wa wanda ba kafilinka ba aiki laifi ne, kuma ran da ya karɓi kuɗin sabuntawa ya kashe wayarsa ba ka da inda za ka kai ƙara. Kar kuma ka ba wani mu'aƙƙib na bakin titi, wato mai bin takardu a ofisoshi, lambar sirrin Absher ɗinka wai zai gyara maka.

Masu aikin gida nasu tsarin daban ne, ba sa cikin Qiwa, nasu Musaned ne, can ake shigar da ƙorafi, kuma ofishin da ya ɗauko mai aikin a can Saudiyya yana da alhaki a kanta. Abin da na sa dattijuwar nan ta yi kenan, na ce 'yar ta turo hoton katin igama da na kwantiragi da sunan ofishin da ya karɓe ta a filin jirgi, ta daina tsayawa a bukra inshallah ta kira ofishin kai tsaye, in ba su motsa ba ta kira 19911, ta kuma sanar da ofishin jakadancinmu na Jidda halin da take ciki, kuma duk wuya kar ta fita daga gidan da sunan gudu sai dai in ana cutar da lafiyarta, nan kam wurin 'yan sanda za ta nufa kai tsaye.

Na ƙarshe ga masu zuwa hutu. Bizar fita da dawowa, huruj wa auda, ba ta wuce wa'adin igama, mai shiga ɗaya riyal 200 ce na wata biyu sannan 100 kan kowane ƙarin wata. In igamarka saura kaɗan ka matsa a sabunta ta kafin ka hau jirgi, don in ta mutu kana nan Kaduna komai ya koma hannun kafili, kai sai dai kira da roƙo daga nesa. Kuma ka taho da layinka na Saudiyya a kunne, da ɗan kuɗi a ciki, saboda lambar shiga Absher ta kansa take zuwa, in layin ya mutu kana Kawo ko Rigasa ba ka da hanyar ganin abin da ake yi da takardunka.