Darasi Na Bakwai: Idan Mai Ba Ya Isar Injin Turbo

Turbo wata 'yar farfela ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta cusa wa inji ƙarin iska. Iska in ta ƙaru, dole fetur ya ƙaru. A tafiyar yau da kullum inji yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. In an taka totur sosai, yana son fetur fiye da haka.

Shi ya sa ciwon nan yake da wayo. Mota za ta tashi lafiya lau da safe, ta yi silo ba gargada, ta zaga gari ba ka ji komai ba. Sai ka ɗauki hanyar Jos, ka zo Hawan Kibo da mutum huɗu a ciki, ka taka, sai ta fara fizga kamar mai shaƙuwa. Ka sassauta ƙafa, ta dawo daidai. Direba da yawa a nan yake cewa turbo ta mutu. Sau tari lafiyarta ƙalau, mai ne bai iso ba.

Kada ka ci gaba da takawa. Mai kaɗan da iska mai yawa suna sa inji ya yi zafi fiye da kima, har fistin ya narke.

Fara da kunne. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, amma kada ka tayar. Kasa kunne wajen kujerar baya. Za ka ji famfon cikin tanki ya yi ƙugi na daƙiƙa biyu ko uku. In shiru ne, duba fiyus da rile, wato ɗan makunnin da ke ba famfon wuta, kafin ka sayi sabon famfo.

Sai filta. Mai shan man jarka a wurin 'yan bumburutu, wannan nasa ne. Na taɓa ganin an cire wata, aka zazzage ta a farin roba, abin da ya fito ja ne kamar ruwan kududdufi, har da tsaki-tsakin tsatsa. Filta irin wannan takan bar mai ya wuce kaɗan-kaɗan, wanda zai ishi silo amma ba zai ishi hawa ba.

Yanzu aikin geji, wato agogon auna ƙarfin mai da ake haɗawa da bututun mai. A motar da ke fesa mai a bakin bawul, irin Golf da Passat masu 1.8T, ƙarfin mai yakan kama bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne). Ga inda masu koyo ke kuskure: suna aunawa mota na tsaye, su ce lafiya. A'a. Akwai siririn tiyon iska da ke zuwa kan regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin mai. Zare shi mota na silo, allurar geji ta ɗan hau. In ba ta motsa ba, ko ka ga fetur a cikin tiyon, regileta ta lalace. A kan hanya kuma, duk bar ɗaya na iska da turbo ta ƙara, ƙarfin mai ma ya ƙara bar ɗaya. In allura ta yi ƙasa maimakon sama, famfo ya gaji ko filta ta toshe.

Motocin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, kamar Peugeot 508 mai 1.6 THP, famfo biyu gare su. Na biyun yana kai mai sama da bar 100. Kada ka kwance bututunsa da zafi, man zai iya huda fata. Wannan sai a sa kwamfuta. Lambar P0087 tana nufin ƙarfin mai ya yi ƙasa, P0171 kuma iska ta rinjayi mai.

Cire fulogi ɗaya ka duba bakinsa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa, sai ka nemi tsagewa a babban tiyon iskar turbo.

Aikin gida: ka saurari ƙugin famfo a motoci uku, ka rubuta daƙiƙa nawa kowanne ya yi. Ba taba, ba ashana kusa da tanki.