Yadda Za a Rage Cin Memori a Photoshop

Girman hoto a faifan kwamfuta yana yaudarar mutum, domin hoton JPEG mai faɗin fiksel 6000 da tsayin 4000 ana ajiye shi ne a matse, amma da zarar an buɗe shi sai manhaja ta warware shi gaba ɗaya, kowane fiksel (ɗan ƙaramin ɗigon da ke cikin hoto) ya ci bayit 3, wato kimanin megabayit 72. Idan aka ƙara zurfin launinsa daga bit 8 zuwa bit 16 adadin ya ninka, kuma kowace cikakkiyar leya (shimfiɗar hoto a kan hoto) da aka ɗora tana ƙara nata nauyin.

Saboda haka gyara yana farawa ne daga girman aikin kansa. Mai tsara bana ta mita 3 a kan mita 2 da ya zaɓi fiksel 300 a kowane inci ya ɗora wa kwamfutarsa kusan gigabayit 2.5 tun bai sa rubutu ko ɗaya ba, alhali banar da za a kalla daga nesa fiksel 100 sun wadatar da ita, kuma nauyin zai sauko zuwa kashi ɗaya cikin tara. A ganina nan ne yawancin matsalar take, ba a ƙarancin RAM ba, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi.

Bayan haka a shiga Preferences, a zaɓi Performance. Photoshop yana ware wa kansa kashi 70 cikin ɗari na memorin da ke akwai, kuma ana iya ƙara shi kaɗan, sai dai idan ya wuce 85 sauran manhajoji za su fara tafiyar hawainiya. A wurin ne kuma History States yake, wanda ke riƙe matakai 50 na baya don a iya komawa. Rage su zuwa 20 yana sauƙaƙa nauyi sosai a kan manyan hotuna. Idan aiki ya yi nisa, Edit sannan Purge yana share wannan tarihi, amma a sani cewa abin da aka share ba ya dawowa.

Idan RAM ta cika, Photoshop yana komawa amfani da faifai, abin da yake kira Scratch Disk, don haka a ba shi faifan SSD, wato faifai mai sauri, wanda ke da sarari. Ma'aunin Efficiency da ke ƙasan hoton yana nuna hakan: muddin ya yi ƙasa da kashi 100 cikin ɗari to an koma faifai, kuma idan ya ƙi tashi bayan duk waɗannan gyare-gyare, lokacin sayen ƙarin RAM ya yi.