Yadda za a rage sinadarin BPA a abincin gida

BPA sinadari ne da ake sarrafa roba mai tauri da shi, kuma idan ya shiga jiki yana kwaikwayon istirojin, sinadarin da ke tafiyar da al'amuran haihuwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) na ganin ɗan abin da ke shiga abinci bai kai ya cutar ba, amma Tarayyar Turai ta haramta shi a fidar jarirai tun 2011. A ganinmu gara a kiyaye, musamman ga mai ciki da jariri.

1. Kifa robar da kike zuba abinci a ciki ki duba lambar da ke gindinta. In kin ga 7 ko PC, ki daina zuba abinci a ciki. Masu lamba 1, 2, 4 da 5 ba da BPA ake yin su ba.

2. Zafi ne ke fito da shi. Kada ki juye kunu ko koko yana tururi a roba mai lamba 7 ko PC, kada kuma ki bar ta a rana da ruwa a ciki. Madarar jariri ki dama a kofin tangaran ko na silba, ta huce, sannan ki zuba a fida. Ko an rubuta babu BPA a jikinta ki yi hakan, domin wasu kamfanoni da ɗan'uwansa BPS suke musanya shi.

3. Robar da ta dushe ko ta kakkarce, ki yar. Wanki da soson ƙarfe kan jawo haka.

4. Cikin wasu gwangwanaye da abin da ke ɗauke da BPA ake shafewa, don haka ki fifita ɗanyen tumatir a kan na gwangwani.

5. Takardar rasit ta POS ma takan ɗauke shi. Ki wanke hannu kafin cin abinci.